Maƙoƙon Zuwaira da Nonon da Inna ta Hana

Sai da ƙanwata Zuwaira ta yi arba'in sannan na zauna rubuta wannan, don da a tsakiyar jinya na rubuta shi, da babu wani ɗan'uwa da zai sake gaishe ni. Ko yanzu ban gama hucewa ba. Amma daga nan Magarya har ƙauyukan Dungas akwai mata da yawa masu irin wuyan da ta yi fama da shi, ana ce musu gado ne, shi ya sa na ga gara in faɗi abin da muka gani.

Sunana Rakiya, ɗinki nake yi a cikin garin Magarya. Zuwaira ce autarmu, tana aure a wani ƙauye gefen Yekuwa, kusa da ƙauyen da aka haife mu, inda mahaifiyarmu, Inna, take zaune. Kafin wannan cikin ta yi biyu. Na farko ya zube, na biyu ta haife shi babu rai. Saboda haka da aka ce ta sake samu, babu wanda ya yi murna da ƙarfi.

Ana gab da ƙaramar Sallah ta zo karɓar ɗinkinta, cikin yana wata huɗu. Na yanka rigar da tsohon awonta, na ƙara mata a ƙugu, amma sai wuyan ya ƙi zama. Na ɗauka ni ce na yi kuskure. Da na zagaya mata metir ɗin awo a wuya sai na ji wani tudu a gaba, ƙasan maƙogwaro, in ta haɗiye yawu ya hau ya sauko. A lokacin ne na kalle ta da kyau. Bazara ce, ni gumi yana zuba, ita kuwa ta lulluɓe da mayafi biyu. Fatarta ta bushe, muryarta ta dishe kamar mai mura.

Na ce, "Zuwai, yaushe wuyanki ya zama haka?"

Ta ce, "Inna ta ce wuyan gidanmu ne, Yaya. Ai ita ma tana da shi."

Gaskiya ne. Tun da na buɗe ido na ga Inna da maƙoƙo kamar lemo a ƙarƙashin mayafi, ba mu taɓa ɗaukarsa ciwo ba. Na tambaye ta me take ci. Ta ce tuwo da miya ba gishiri, saboda a wancan cikin ƙafafunta sun kumbura, Inna ta ce gishiri ne. Fura kuma da ruwa take damawa. Ba nono, ba madara, ba cuku, ba ƙwai. Hana nono tsohuwar dokar Inna ce, ni ma ta kafa mini ita a duk cikin da na yi, sai dai ni ina gari, in ce to, in ta juya baya in sha abina. Zuwaira kuwa tana kusa, ga ta da biyayya, ga tsoron abin da ya faru a baya.

Ban bar ta ta koma ba. Na kira mijinta Illiya a waya na ce ta zauna wurina sai an duba ta.

Washegari muka yi sammako zuwa awon ciki. Duk sammakonmu mun tarar da layi har gindin itacen bedi, Zuwaira ta jingina da ni ta yi barci a zaune. Rana ta yi tsaka kafin mu shiga. Sajfam, wato ungozomar asibiti, ta taɓa wuyan, ta ji abin da ake ba ta, sai ta juyo kaina da faɗa kamar ni na hana gishirin. Na haɗiye. Da ta gama faɗan ta yi mana bayani yadda za mu gane. Ta ce akwai wani abu, iyod, kaɗan jiki ke bukata, amma ƙasarmu ba ta da shi, don haka hatsinmu da ruwanmu ba su da shi, shi ya sa ake zuba shi a gishiri. Ana kuma samunsa a madara da ƙwai da kifi. Mai ciki tana bukatar fiye da kowa, don da shi ake gina ƙwaƙwalwar jariri da jinsa. In ya yi ƙaranci, wani nama da ke gaban wuya sai ya yi ta kumbura wajen nema. Ta ce sai an yi analiz, wato gwajin jini, a Damagaram don a ga ko naman ya gaji.

Ta ce in kawo gishirin gidana. Na kai da gadara, ni 'yar birni. Ta ɗiga masa wani ruwa, ya zauna fari fat. Ta ɗiga a na cikin leda da ke teburinta, ya koma kamar shuni. Nawa na awo ne, wanda ake shanyawa a buɗe cikin rana a kasuwa. Ta ce in sayi wanda aka rubuta yana da iyod, in rufe shi a gwangwani, in riƙa zubawa in miya ta kusa sauka.

Kafin mu kai gida labari ya riga mu. Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifinmu, ta aiko da zare baƙi a ɗaura a wuya. Maƙwabciyata ta ce a kira wanzami ya tsaga wurin, mugun jini ya fita. Wani kawunmu da ke tsallaken iyaka ya kira ya ce shawara ce, a jiƙa saiwa. Kowa da tabbacinsa, kuma babu wanda ya taɓa zuwa ya riƙe mini layi.

Illiya mutumin kirki ne, ba zan ci amanarsa ba, amma shi ya kusa kashe mini ƙanwa. Ya ji kalmar iyod a waya, ya hau babur ya tafi kasuwar tsallake, ya dawo da kwalbar jan maganin nan da ake shafa wa miki. Ina kan keke ina ɗinki na ji yana tambayar Zuwaira ko ɗigo nawa za a sa a kunu. Ban san lokacin da na fito ba.

Na ce, "Malam Illiya, wa ya ce ka sayo wannan?"

Ya ce, "Yaya, mai shagon ya ce iyod ne. Ga shi ma a rubuce."

Na ja shi har farmasi da kwalbar a hannu, don na san in ni na faɗa ba zai shiga ba. Mai farmasi ya ce masa wannan na shafawa ne, wanda ya sha zai ƙone ciki, kuma zai iya cutar da jaririn. Illiya ya zauna a dakali ya riƙe kai. Har da tiya guda ta farin gari ya sayo da sunan madara, wanda sajfam ta ce yawancinsa mai ne da gari, ba nonon saniya ba. 'Ya'yana suka shanye shi a shayi.

Na yi magana da wata Bafillatana, Adama, ta riƙa kawo mana madara kullum da safe, in tafasa, in ba Zuwaira, wani in bar shi ya kwana ya zama kindirmo. Mun yi kamar mako biyu a haka cikin kwanciyar hankali. Sai Inna ta iso.

Ta zo tare da Yaya Isufu yana ɗauke da ƙullin kayanta. Shi ne ɗan farinta, ya kusa shekara arba'in, gajere ne mai ƙarfi, ba ya ji ba ya magana tun haihuwa. Shi ke jan ruwa a rijiya da kiwon awakin Inna, kuma duk inda za ta yana biye. Saboda kunyar ɗan fari ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce yayanku.

Ta tarar da Zuwaira da kofin kindirmo a baki. Ko sallamar kirki ba ta gama ba, ta karɓe kofin ta juye a ƙasa.

Ta ce da ni, "Biyu sun tafi, kina son na uku ya zo da nauyin baki?"

Na ce, "Inna, asibiti suka ce ta sha. Wuyan nan ciwo ne."

Ta ce, "Da wuyan nan na haife ku. Ciwon me ya yi muku?"

Daga ranar gidana ya koma fagen yaƙi. In na sa gishiri a miya, Inna ta ɗora wata tukunyar a gefe. In na shiga ɗinki, gwangwanin gishiri ya ɓata, sai in same shi cikin buhun gawayi ko bayan randa. Adama ta daina zuwa, sai daga baya na ji Inna ta tare ta a ƙofar gida ta ce mun ƙoshi. Zuwaira tana tsakiya, ta ci na Inna don kada ta yi fushi, ta taɓa nawa don kada in yi, ta shiga ɗaki ta yi kuka. Ni kuma ba a ɗaga wa uwa murya, sai in shiga in taka keke da ƙarfi har zare ya tsinke. Mijina ya koma cin tuwonsa a zaure.

A wata na biyar jikin ya ƙara lalacewa. In ta kwanta rigingine sai ta ce kamar an shaƙe ta. Fuskarta ta kumbura, in ka yi mata magana sai ta jima kafin ta amsa. Damina ta sauka, Illiya yana gona, hanya ta ɓaci. Na rufe ɗinki muka hau motar haya zuwa Damagaram. Muka yi layi, aka kai kanmu, aka ce maganin da injin analiz ke aiki da shi ya ƙare, mu dawo wani mako. Babu wanda ya iya faɗa mana haka tun da safe. Muka dawo da gajiya da ƙurar jiki, abin da na tara na ɗinkin Sallah ya tafi a mota. Inna ta tarbe mu da cewa ai ta faɗa.

Tafiya ta biyu Inna ta ce da ita za a je, tana so ta ga wanda ke cewa a ba mai ciki nono. Na so in hana, sai na tuna in na bar ta a gida ban san me zan tarar ba. Muka bar Yaya Isufu wurin mijina, muka sauka gidan wata 'yar'uwarmu, aka ɗebi jini, muka jira sakamako.

Lokotoron da ya duba ta, wato likita, dattijo ne mai magana a hankali. Ya duba takarda ya ce naman wuyan ya gaji, ba ya ba jiki abin da ya kamata, kuma jaririn daga wurin uwa yake samu. Ya rubuta wata 'yar ƙwaya da za ta sha kullum da safe kafin ta ci komai, da wata ta masu ciki mai iyod. Ya ce gishiri daidai misali, ba a cika ba, ba a hana ba. Ya ce madara da nono suna da amfani, a tafasa, amma kada mu dogara da su kaɗai, don shanunmu ma ciyawar wannan ƙasar suke ci. Ya ƙara da cewa gero yana ƙara wa naman nauyi in babu iyod, amma ba a ce a bar shi ba.

Inna ta ce, "To, gero ma ya zama laifi."

Ya yi murmushi, ya kalli wuyanta. Ya tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun cikin fari. Ya ce, "Inna, cikin 'ya'yanki akwai wanda ba ya ji, ko bai yi magana ba?"

Ni da Zuwaira muka sunkuyar da kai. Na ɗauka za ta tashi ta fita. Sai ta gyara mayafi, ta kalli bango, ta fara magana da wata murya da ban san ta da ita ba.

Ta ce, "Yayansu. Amma wannan na san dalilinsa. Ina da cikinsa wata bakwai muka je kasuwar Mallawa. Uwar mijina ta hana ni nono, ni kuwa raina yana so har ina mafarkinsa. Na zame na je bayan rumfa na sayi ƙwarya guda na shanye a tsaye. Da ya kai shekara uku bai ce komai ba, ta ce ai ta sani, an gan ni. Ta ce nonon ne ya daskare masa a harshe." Sannan ta ce, "Tun daga ranar ban sake sa shi a baki ba. Kuma ba zan bari 'yata ta ɗauki abin da na ɗauka ba."

Shekarata talatin da wani abu ina 'yarta, ban taɓa jin wannan ba. Ban ma taɓa lura ba ta shan nono ba, na ɗauka ba ta so ne.

Lokotoro ya ajiye biro. Maganarsa ta zauna mini yadda ya faɗe ta. Ya ce, "Inna, ban ga ɗanki ba, don haka ba zan rantse miki a kan abin da ya same shi ba. Amma nono ba ya kurmantar da yaro. Ba wannan ƙwaryar ba ce. Jikinki ne yake roƙon abin da ya rasa. Da ni ne a wurin, da na saya miki ta biyu."

Inna ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta ce, "Ku tashi, mota za ta bar mu." Har muka iso Magarya tana kallon gonaki ta taga. Ni kuwa raina yana tafasa, kuma ban san wa zan yi wa fushin ba. Kakarmu ta rasu tun ina yarinya, ita ma haka aka faɗa mata. Yaya Isufu ya fito ya karɓi ƙullinta, ta miƙa masa ba tare da ta kalle shi ba, kamar kullum.

Kada ku ɗauka ta ba ni haƙuri. Da safe na tarar da gwangwanin gishiri a mazauninsa. Da hantsi ya yi ta leƙo ɗakin ɗinki ta ce, "Wai 'yar Fillanin nan da ke kawo madara, me kuka yi mata ta daina zuwa?" Na aika aka kira Adama. Daga nan kuma sai Inna ta koma ɗaya gefen, tana so Zuwaira ta sha ƙwarya guda safe da yamma, tana ƙara gishiri a miya bayan na sa, sai na sake komawa gadin tukunya.

Wahala ba ta ƙare ba. Ƙwayar safen nan ba kullum ake samunta a nan ba, sau biyu sai da na ba direba saƙo daga Damagaram, sau ɗaya ya manta da ita a mota har kwana biyu. An sake analiz, aka ƙara mata yawan maganin. Illiya ya sayar da ragonsa da sauran gyaɗar da ya ɓoye don iri. Amma a wata na bakwai Zuwaira ta ajiye mayafi ɗaya, sannan ta ajiye na biyu. Muryarta ta dawo. Ranar da ta yi wa 'yata faɗa a kan tsintsiya na san ƙanwata ta dawo.

Ta haihu farkon kaka, a asibitin haihuwa, a hannun sajfam ɗin nan mai faɗa, Allah ya saka mata da alheri. Namiji, da ransa, da kukansa. Mun kai shi an ɗebi jininsa kamar yadda lokotoro ya ce, aka ce lafiya lau. Wuyan Zuwaira ya ragu amma bai tafi duka ba, har yanzu tana shan ƙwayarta, kuma za mu koma a sake dubawa.

Abin da zan faɗa wa mata 'yan'uwana kaɗan ne. Kumburin wuya ba gado ba ne da za a zauna da shi, a kai mai ciki a duba ta tun da wuri. Kada a hana ta gishiri ko nono don wata ta faɗa, sai in asibiti suka ce. A kula da irin gishirin da ake saye. Kuma in an ce iyod, a tambayi wanne, kafin wani mai son matarsa ya hau babur. Ina godiya ga Adama da ba ta riƙe mu a zuci ba, da 'yar'uwarmu ta Damagaram da ta ba mu ɗaki, da mijina da ya ci tuwo a zaure bai ce komai ba. Masu zare da masu wanzami kuwa, na gode da niyya.

Inna har yanzu tana gidana, kuma ta fito da sabon abu. Tun bayan suna, in jariri ya yi barci, sai ta lallaɓa ta saki kwanon sha a ƙasa kusa da shi. Ya zabura, ya tsala kuka, Zuwaira da ta samu ta ɗan runtsa ta tashi, ni in bar ɗinki in fito. Na yi roƙo, na ɓoye kwanoni, ta koma murfin tukunya.

Shekaranjiya da la'asar Yaya Isufu yana zaune a tabarma, an ɗora masa jaririn a cinya, ya riƙe shi da hannuwansa biyu kamar zai fashe. Sai na ji ƙarar murfi a bayansa. Na fito a fusace.

Na ce, "Inna, don Allah. Yana ji. Jiya ma ya ji."

Ta ce, "Na sani. So nake in gani."

Yaya Isufu bai waiwaya ba, don shi bai ji komai ba. Abin da ya ji shi ne yaron ya zabura a hannunsa ya buɗe baki. Ya duba shi, ya dubi ƙasa ya ga murfin yana juyi, ya ɗago ya kalli Inna. Sai ya taɓa kunnen jaririn da ɗan yatsa, ya gyaɗa mata kai, yana dariyarsa marar sauti. Inna ta tsaya tana kallonsa ido cikin ido, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Na sunkuya na ɗauki murfin, na miƙa mata, na koma kan kekena.